Garin da Ya Rufa Mini Asiri

Ɗakin da na yi aiki a cikinsa tsohon shagon gishiri ne. An shafa masa farar ƙasa, an kafa allo a ƙofa, sai aka ce ya zama ɗakin shan magani. Ƙauyen yana gefen hanyar da ta fita daga Jibiya zuwa kan iyaka, kusa ƙwarai, har in jandarman Nijar suka busa usur muna ji. Ni ce ma'aikaciyar lafiyar wurin, ni kaɗai. An koya mana aikin a Katsina: wanke miki, auna jarirai, gane zazzaɓi, yin allura, da yi wa mata surutu a kan ruwan sha. An ɗauke ni ne don na yi firamare, kuma ni bazawara ce, babu mai hana ni shiga gida-gida.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya ɗauke wa mutane hankali. Manyan motoci suna wucewa ta gabana da siminti da shinkafa da babura, 'yan dako ma kowa da rediyo rataye a kafaɗa. Ni kuwa abu ɗaya nake roƙo, firji mai aiki da kananzir. Allurar rigakafin ƙyanda ba ta jure zafi. In na ɗauko ta daga Katsina a akwatin ƙanƙara, kafin direba ya gama tsaye-tsayensa da gaishe-gaishensa a Daddara, ƙanƙarar ta narke, sauran ruwa mai ɗumi. Na roƙa har na gaji da jin muryata. Ƙasar da take sayo motoci kamar ƙosai ta kasa saya mini firji guda.

Da bazara ta kama a shekarar da nake magana, ƙyanda ta shigo gari. Mutane ba sa son kiran sunanta, sai su ce baƙon dauro ya sauka a gidan wane. Yaro ya kamu, a shigar da shi ƙuryar ɗaki, a toshe taga da tsumma, a hana shi wanka. Ina fita da hantsi, ba na dawowa sai la'asar sakaliya, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Abin da ke jakata bai wuce maganin zazzaɓi da man ido ba, shi ma man idon sai na yi ta matse bututun kamar mai tatsar busasshiyar akuya.

A cikin gidajen da nake zuwa akwai na wani ɗan dako mutumin Maraɗi, wanda yake sauke kaya a bakin kwastan. Matarsa doguwa ce mai yawan dariya, tana kirana Yaya tun ranar da na karɓi haihuwarta. 'Yarta ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ita ta fi tsaya mini a rai. Ƙurajen sun fito sun gama, amma idanun sun kumbura sun manne da kwantsa, ba ta buɗe su sai na jiƙa auduga na goge. Na san inda irin wannan idon yake zuwa in ba a tare shi ba.

Ana cikin haka sai saƙo ya zo daga ofishinmu cewa manyan baƙi za su zo duba aikin ma'aikatan ƙauye. Inda suka ga buƙata za a ƙara ma'aikaci da magani da firji. Inda suka ga babu, za a rufe ɗakin a mai da ma'aikacin wani wuri. Wallahi na yi murna, irin murnar da ban yi ba tun da na zo. Na ce ga dama ta samu, ba sai na yi dogon bayani ba, ciwo da kansa zai yi magana.

Na tafi wurin mai gari, dattijo mai kirki wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na durƙusa a zaurensa na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da baƙin nan za su zo, ina son a fito da duk yaron da ba shi da lafiya a kawo shi ƙofar ɗakin magani. Maza ne, ba za su shiga gida ba. Abin da aka fito da shi kaɗai za su gani."

Ya shafa gemu ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Mun san abin da ya kamata. Ba mu ba ki kunya, in Allah ya yarda."

Na tashi da sanyin zuciya. Na bi gidaje ina faɗa wa mata, kowace ta ce to, Malama. Ban san akwai wata maganar da take bin bayana tana goge tawa ba.

Ranar da suka zo, tun da na fito na ga alamar ba lafiya. An share gari fes, an yayyafa ruwa a hanya, an kori awaki. A ƙofar ɗakina an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi sababbi. Ga yara nan an jera, amma ba waɗanda na sani a kwance ba. Ƙosassu ne, an shafe su da mai suna ƙyalli, an sa musu kwalli da kayan salla. Wasu ma ban san su ba, ashe daga wajen Gangara aka aro su a wurin dangi. Ƙamshin soyayyen rago ya cika wurin.

Baƙin suka sauko daga farar mota. Babbansu likita ne, mai furfura kaɗan, da ganin idonsa ya sha hanya kuma ya sha irin wannan rumfar. Ya ɗaga yaro ɗaya, ya duba idonsa, ya latsa cikinsa, ya ɗaga na biyu. Sannan ya tambayi mai gari ko akwai wata cuta da ke damun gari.

Mai gari ya ce, "Lahiya lau muke, likita. Tun da Malama ta zo, ko tari sai mu daɗe ba mu ji ba."

Dattawa suka amsa baki ɗaya, haka ne.

Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi. Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Na miƙe a gaban maza na ce, "Likita, ba haka ba ne. Ƙyanda ce a garin nan, gida-gida. Ka zo in kai ka ka gani."

Sai wani dattijo ya yi dariya ya ce Malama ce ai, ba ta gajiya da aiki, ko babu ciwo sai ta nemo. Aka yi dariya, likita ma ya murmusa. Duk da haka ya biyo ni, wannan kam na yaba masa. Na nufi gidan ɗan dakon, don shi ne mafi kusa. Muka tarar da mutumin tsaye a bakin ƙofa, ya sa babbar rigar aro. Ya rusuna ya ce iyalinsa sun tahi Maraɗi ganin gida, ba kowa ciki. Alhali ga takalmin matarsa nan a bakin zaure, ina ganinsa. Likita ya dubi ƙofar, ya dubi agogonsa. Namiji baƙo ba ya kutsa kai gidan mutum mai gida na tsaye yana cewa a'a.

Da muke komawa ya ce mini a hankali, "Malama, duk inda muka je firji ake roƙo. Akwai garuruwan da muka tarar da yara kwance a ƙasa. Ki gode wa Allah, aikinki ya yi kyau."

Suka ci nama, suka sha fura, aka cika musu bayan mota da zabi. Na koma ɗakina na zauna a kan benci, ko kuka ban iya yi ba. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Kafin ruwan farko ya sauka hukunci ya zo. An yaba mini ƙwarai, an ƙara mini girma, an mai da ni babban asibiti. Ɗakin kuma a rufe, tunda garin ba shi da matsala, mai buƙata ya tafi Jibiya. Firjin an kai wani gari.

Ran da nake ɗaure kaya, mata suka yi ta shigowa sallama, wata da garin kuka, wata da daddawa. Ban sake wa kowa fuska ba. Can sai ga matar ɗan dakon da 'yar ƙwarya ta ƙwan zabi, 'yarta goye a baya. Na ce ta sauke ta. Na juya fuskar yarinyar wajen haske. Idon dama ya yi fari fat, na hagu ya fara bi. Na kaɗa yatsana a gabanta, ba ta bi shi ba.

Na ce, "Me ya sa kika ɓoye ta? Ban roƙe ki ba? Ina ƙofarki da likita, kina ciki kina ji!"

Ta dube ni da mamaki, kamar na zage ta a kan alheri. Ta ce, "Yaya, don ke munka yi. Mai gari ya aiko gida-gida, ya ce in manya sunka ga ɗiyanmu haka, cewa za su yi ba ki iya aiki ba, su kore ki. Mi za mu yi in babu ke? Har bakinta na toshe da zane kada ta yi kuka su ji."

Ta tura mini ƙwaryar gabana, tana murmushi da ƙwalla a ido.

"Ga shi kuwa an ɗaga ki. Ba mu ba ki kunya ba, ko?"

Na ɗauko ragowar bututun man idon, na matse shi har ya tsage, na shafa wa yarinyar abin da ya fito. Na san ba zai yi komai ba. Direban da zai tafi da ni yana ta danna ham a waje. Na karɓi ƙwan, na ce mata na gode.