Hannun Mai Jan Raƙumi

Ko da zan tsufa har in manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta da tafiyar nan da aka kwashe ni tun daga New York aka kai ni tsakiyar hamada, wai in je in ga raƙumi. Ni fa! Ni da aka haifa a Damagaram, na tashi da warin raƙumi a zanena. Har yau in na tuna sai na ja tsaki, sannan in yi dariya, sannan in gode wa Allah da Ya sa na je.

A lokacin ina kitso a wani shago a titi na 125 a Harlem, muna zaune ni da autarmu a Concourse Village da ke Bronx. Ita nas ce, ta haura talatin, kuma ba a banza ta samu aikin ba, sai da ta yi shekaru tana wanke tsofaffin mutane da rana tana karatu da yamma. Ana nan sai ga manemi ya fito mata, ɗan Najeriya, ma'aikaci a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin duniyar nan na Manhattan. Zan kira shi Yallaɓai, don haka nake kiransa a zuciyata. Gaskiya in ya zo gidanmu ba shi da makusa. Zai cire takalmi tun daga ƙofa, ya russuna ya ce, "Yaya, barka da gida," ya naɗe hannun riga ya ci tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari. Hausa a bakinsa kuwa kamar mai karanta labarai a rediyo. Auta ta kamu, kamuwa ba ta wasa ba.

Da maganar ta yi ƙarfi, Baba ya kira ni daga gida. Ya ce, "Da a nan ne, da an bi unguwarsu an tambayi maƙwabta, an ji ko waye shi. Can ba ni da ido sai ke. Mutanensa suna son su zo neman aure, na ce su dakata sai na ji daga bakinki." Wannan magana ta yi mini nauyi. Na tambaya a masallaci, na tambayi wata maƙwabciyarmu 'yar Gana da ba abin da ke wuce ta a Bronx, kowa ya ce mutumin kirki ne. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, a garin nan mutum yana iya ajiye fuska ɗaya a Bronx ya ajiye wata a Manhattan, ni kuwa ta Bronx kaɗai na sani.

Sai ga shi wata rana da albishir, wai abokan aikinsa sun shirya hutu zuwa Maroko, za a yi 'yan kwanaki a hamada, a hau raƙuma, a kwana a tanti, yana so Auta ta zo su san ta. Baba ya ce ba inda za ta sai da yayarta. Na ce wa Auta, "Ke yanzu don Allah, mu da muka baro yashi muka tsallako teku, sai kuma mu biya jirgi mu koma neman yashi?" Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, don ni za ki yi." Haka na bar kujerar kitsona na bi su, ina ƙunƙuni.

Tun a filin jirgi na fara ganin sabon mutum. Sunan da ubansa ya yanka wa rago, abokan nan sun gutsure shi sun bar wani ɗan guntu kamar sunan mage, shi kuma yana amsawa har da washe baki. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Yaya, in muna tare da su mu riƙa yin Turanci, kada su ga kamar an ware su." Na ce to. Na ɗauka ladabi ne.

Hamadar kuwa, kai jama'a! Mota ta sauke mu a bakin tudun yashi, jagoran tafiyar, wani Balarabe mai zaƙin baki, ya raba wa kowa shuɗin rawani. Ka ga Turawa sun naɗa shi a karkace, sun shafe fuska da farin mai, suna ɗaukar hoton komai, har kashin raƙumi sai da wani ya durƙusa ya ɗauka. Wata ta tsaya tana hawaye, wai ba ta taɓa jin shiru irin wannan ba. Na ce a raina, baiwar Allah, da kin zo garinmu da rani da kin ji shirun har ya ishe ki, kuma ba wanda zai karɓi ko sisinki. Aka ba mu shayi a ɗan kofi suna ta santi, shayin da ko yaron shago a Damagaram zai ji kunyar miƙa wa baƙo. Aka shimfiɗa mana barguna a ƙasa cikin tanti, wai wannan shi ne jin daɗin. Mun yi shekaru muna addu'ar Allah Ya raba mu da kwanan ƙasa, ga shi an sa mu a jirgi an kawo mu gare shi. Yallaɓai kuwa ya fi kowa zumuɗi, yana ta tambayar jagora ko raƙumi yana cizo, sai ka rantse bai taɓa ganin dabba mai tozo ba.

Washegari da safe aka kawo raƙuman da za mu hau mu ƙara nutsawa ciki. Masu jan su duk an naɗe su da shuɗi don hoto ya yi kyau. Wanda ya jawo taguwar da zan hau baƙi ne wuluk, dattijo-dattijo, furfura ta fara cin gemunsa. Taguwar ta ƙi durƙusawa, ya ja akala, ta ƙi. Sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, don ubanki durƙusa, kada ki ja mini magana."

Hausa na ji da kunnena! Alƙawarin Turancin nan ya bi iska. Na ce, "Bawan Allah, ita ma taguwar Hausa take ji?"

Ya waiwayo kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ya dube ni, ya dubi Auta. "Hajiya, daga ina?" Na ce Damagaram. Ya dafe kai ya ce, "La'ilaha illallahu! Ni mutumin Tanut ne." Ashe maƙwabcinmu ne, daga arewa da Damagaram, ya baro gida ne da niyyar tsallakawa Turai, hanya ta ƙare masa a nan, ya koma sana'ar da ya gada. Ya ce rabonsa da wanda zai yi Hausa da shi ido da ido har ya manta, shi ya sa yake yi da dabbobi. Muka hau gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina labarin damina, idonsa ya cika da ƙwalla, nawa ma haka.

To mu mata ne, ba zai ba mu hannu ba. Auta cikin murna ta nuna masa Yallaɓai ta ce, "Ga namiji nan, shi ma namu ne." Mutumin nan ya saki akala, ya goge tafinsa a jikin riga, ya nufe shi da hannu biyu a miƙe. "Salamu alaikum, Alhaji. Ashe da ɗan'uwa a cikin tafiyar!"

Yallaɓai yana tsaye kusa da shugabarsu ta ofis, wata Baturiya doguwa. Ya dubi hannun nan, hannu mai kaushi duk ya tsattsage, ya dubi shugabar, sai ya tura nasa hannayen cikin aljihu, ya ɗan gyaɗa kai ya ce masa sannu da Turanci. Ko sallamar bai amsa ba. Baturiyar ma, don Allah, murna take, ta tambaye shi ko yana jin abin da muke cewa. Da kunnena na ji ya ce mata kaɗan-kaɗan, wai yaren mutanen daji ne, ba irin nasu na birni ba. Hannun bawan Allahn nan ya daɗe a miƙe. Daga baya ya janye shi a hankali, ya sunkuya ya ɗauki akalarsa. Wallahi ji na yi kamar ni aka mara.

Amma Allah ba Ya barci. Duk wanda ya san raƙumi ya san da ƙafafun baya yake fara tashi, in ba ka kwanta baya ba sai ka ga ƙasa tana nufo fuskarka. Jagora ya faɗa, Yallaɓai yana can yana gyara rawani don hoto bai ji ba. Amalen da aka ba shi ya yunƙura, sai ga Yallaɓai ya tafi gaba ya rungume wuyan dabba, ƙafa ɗaya a sama. Ina Turanci? Ya ɓace ɓat. "Wayyo Allah! Wayyo Inna! Malam riƙe shi, don girman Allah riƙe shi, zai kashe ni!" Hausa tsantsa, har da karin birnin da yake taƙama da shi. Wa ya ruga ya tare shi? Mutumin Tanut. Ya kama akalar, ya tallafe shi da hannun nan da aka ƙi karɓa, ya ce, "Kwanta baya, Alhaji, ba abin da zai same ka." Turawa suna ta dariya suna ɗauka a waya. Ni ban yi dariya ba a lokacin, na adana ta sai da na dawo gida. Auta kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Da la'asar muka sauka a zango na gaba. Ina cikin tanti ina kakkaɓe yashi daga kaya, sai na ji muryar Yallaɓai a baya, ya ja Auta gefe. Tanti ai ba bango ba ne, komai na ji. Da Hausa yake magana yanzu, tunda ba Bature a kusa.

"Kun kunyata ni yau, ke da Yaya. Kin san shekara nawa na yi ina gina mutuncina a wurin mutanen nan? Me ya haɗa ni da mai jan raƙumi?"

Auta ta ce, "Ka san sana'ar Baba?"

"Kin ce ɗan kasuwa ne."

"Ɗan kasuwar raƙuma ne. Da ƙafarsa ya riƙa bin ayari zuwa Bilma ɗauko gishiri, akala a hannu. Da jan raƙumi aka saya mini littafin lakwal, na yi karatun boko. Hannunsa ya fi na mutumin nan tsagewa."

Ya fara in'ina. "Haba, ai Baba daban ne. Ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "In ya zo New York ganin jikokinsa, da rawaninsa da goro a baki, ya miƙo maka hannu a gaban mutanen ofis, wane aljihun za ka sa naka?"

Ta juya ta bar shi a tsaye. Ta shigo tantin ta kifa kai a cinyata ta yi kuka mai cin rai, irin wanda ba sauti. Son shi take yi, ba ƙarya ba, kuma ta riga ta gama tsara rayuwarta da shi. Na riƙa shafa kanta. Sauran tafiyar Yallaɓai ya bi ta da ban haƙuri, har ya je ya ba mutumin Tanut hannu, amma sai da ya waiga ya tabbatar abokansa sun shiga tanti. Na gani, ita ma ta gani. Ranar da za mu koma mota, bawan Allahn nan bai roƙe mu komai ba, cewa kawai ya yi, "Hajiya, in kun yi waya ku gaida mini gida."

Mun dawo Bronx da yashi a kunne da ciwon baya. Na shirya wa Baba dogon bayani, har da yadda zan kwaikwayi ihun. Da ya kira, kafin in gama gaisuwa Auta ta karɓe wayar daga hannuna.

"Baba, ka ce wa mutanen nan kada su wahalar da kansu da hanya."

Ya ce, "Lafiya? Me ya yi?"

"An yi masa sallama, an miƙa masa hannu, bai karɓa ba."

Baba ya ce, "To, shi ke nan. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri." Bai nemi ƙarin bayani ba. Sai ya ce a ba ni, ya tambaye ni ko raƙuman can suna samun abinci sosai. Na ce ramammu ne, Baba, sai dai akwai wani mutumin Tanut da ke gaishe ka. Ya ce yana amsawa.

Auta ta daɗe kafin ta warware, ni kuma na koma kitsona, kuma har gobe ban ga abin da ke kai mai hankali hamada da sunan hutu ba. Amma na koyi abin da ban koya a masallaci ko a bakin maƙwabta ba. Duk wanda ya zo neman 'yarki, kada ki auna shi da yadda yake russuna miki a ɗakinki yana cin tuwonki, wannan kowa ya iya. Ki bari sai yana tsaye cikin waɗanda yake so su girmama shi, sannan wani naki marar galihu ya miƙo masa hannu, ki duba ki ga inda zai kai nasa.