Lamba Sha Bakwai, Mayar da Tawul!

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baba Ila a garin nan na Riyad ya san ba ta motsawa sai an kira lamba. Ko da wuta ce ta kama bayan motar, sai ya zaro ɗan littafin nan nasa mai baƙin bango daga aljihun gaba, ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, sannan ya fara: "Lamba ɗaya, ga ni. Lamba biyu?" Ku da kuka san shi, na tabbata yanzu haka muryar tana cikin kunnenku. Waɗanda ba su riske shi ba kuwa, dattijo ne mutumin Gusau, gajere mai faɗin kafaɗa, direban bas ɗin ma'aikata a wani kamfani. Kafin ya zo Riyad ya daɗe yana aikin agajin alhazai a Mina, kuma daga can ya taho da aƙidarsa guda ɗaya tak: ɗan Adam in ba a ƙirga shi ba, ɓata yake yi.

Kowa a ƙungiyarmu ta zumunci yana da lamba, kuma da ita Baba ke kiransa har a waya. Dakta Hadiza, babbar likitar da ake miƙe wa tsaye a asibitinsu, lamba tara ce. Wata rana abin ya ishe ta.

"Baba, don Allah, ina da suna fa."

"Na sani, 'yata. A Mina na taɓa tsintar wani babban alƙali a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, yana kuka. Shi ma yana da suna."

Kuma ba ya sake ba wani lambar wani. In mutum ya koma gida Najeriya, za a kira shi dai. "Lamba huɗu?" Sai mu haɗa baki: "Yana Kaduna!" In wanda ya rasu ne, amsar ita ce, "Ya yi gaba, Allah Ya jiƙansa." Haka za mu zauna cikin mota yara na tsalle-tsalle, ana kiran mutanen da rabonsu da Saudiyya shekara da shekaru. Na taɓa ce masa, "Baba, lamba huɗun nan fa ya yi shekara shida da tafiya." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ƙasar ya bari, ko mu ya bari?"

Ni ne lamba sha bakwai. Sunana Nasiru, in akwai mai bukata.

A shekarar da nake son ba ku labari, kamfanin da nake wa aikin injiniya ya gama kwangilarsa ya sallame mu. Na mayar da iyalina Kano, na saki gidan da nake haya a unguwar Nasim, na koma wani ɗan ɗaki a Gubaira a saman shagon masu walda. Iƙamata, wato takardar zama, saura mata 'yan watanni, ga shi ban sami sabon wurin da zai ɗauke ni ba. Ban gaya wa kowa ba. Kunya nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ni da nake zuwa taro da manyan kaya ina ba samari shawara, yau in ce ina zaman kashe wando? Sai na daina ɗaga waya. Wanda ya matsa in ce masa aiki ne ya yi yawa.

Da sanyi ya shigo aka sa ranar zuwa filin shagalin nan da ake buɗewa kowace shekara, mai fitilu da lilo da ɗakin ƙanƙara. Juma'a, bayan la'asar. Na rubuta musu cewa ina da uzuri, na ja bargo.

Ana idar da la'asar sai na ji hon. Ba irin hon ɗin unguwar ba, wannan na san shi. Na leƙa ta taga, sai ga bas ɗin Baba Ila ya cika lungun nan dam, masu walda sun ajiye aiki suna kallo. Har yau ban san wanda ya nuna masa wurin ba. Waya ta yi ƙara.

"Lamba sha bakwai."

"Baba, ai na ce ina da uzuri."

"Na gani. Sauko da shi, akwai wuri a baya."

"Ba na jin daɗin jikina ne."

"Likita uku ne a motar nan, da nas biyu. Zaɓi."

"Baba, don Allah ku tafi kawai."

"Na kashe mota," in ji shi, ya katse.

Na ce bari mu ga wanda zai gaji. Wai ni! Minti goma, minti ashirin. Wani mai motar ɗaukar kaya ya maƙale a bayansa yana ta masifa da Urdanci, Baba ko waiwaye bai yi ba. Sai ga kiran Malam Bashir, mijin Dakta Hadiza, yana magana ƙasa-ƙasa: "Nasiru, don girman Allah ka sauko. Mutumin nan ya ciro filas." To, duk mun san in Baba ya ciro filas ɗin shayinsa, zama ya zo. Na sa rigar sanyi na sauko. Da na shiga babu wanda ya tambaye ni komai. Baba ya buɗe littafi: "Lamba sha bakwai?" Na ce, "Ga ni." Ya ce, "Yalla," ya tayar da mota.

Rigima ta farko a bakin ƙofar filin aka yi ta. Mai gadin, wani saurayi Balarabe, ya ga filas guda biyu manya-manya a hannun Baba, ya nuna masa kwandon shara.

"Mamnu'u, ya ammi." Wato an hana shiga da shi.

"Zubarwa?" in ji Baba. "Shayin da na tashi tun safe na dafa da citta da kanumfari? La ilaha illallahu! Ku yi layi."

Wallahi layi muka yi, bisa lamba, a gefen ƙofa, mutane na wucewa cikin ƙamshin turare suna kallonmu. Kowa ya sha kofi ɗaya a tsaye, mai so da marar so. Kofin ƙarshe ya miƙa wa mai gadin. Bawan Allah ya kurɓa, cittar ta kama masa maƙogwaro, hawaye ya zubo, amma ya shanye tas.

Saura tuta. Kun tuna tutar Baba? Wani tsohon tawul ne ruwan ɗorawa, ɗaure a sandar goge ƙasa. Duk inda muka je shi ke gaba da ita kamar yadda yake wa alhazai, wai don kada a rabu. Mai gadin ya girgiza kai: sanda ma an hana. Baba ya juyo gare mu. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai idonsa ya tsaya a kaina.

"Sha bakwai, matso. Allah bai ba ka tsawon nan a banza ba."

Kafin in buɗe baki ya sa na sunkuya, ya naɗa min tawul ɗin a ka, ya bar jela tana reto. Ya dafa ni ya tambayi mai gadin da Larabcinsa na titi ko wannan sandar ma an hana. Yaron ya yi dariya har ya riƙe ciki. Haka ni, da na yi wata biyu ina ɓuya daga mutane, na shiga taro mafi girma a garin da tawul ruwan ɗorawa a ka, mutum ashirin da ɗaya na biye da ni, Baba na gefe yana gyara min hanya.

Kai, amma wurin nan ya yi kyau a ranar. Sanyin Riyad mai shiga ƙashi, rana na faɗuwa, fitilu na kamawa layi-layi. Ƙamshin gasasshiyar masara da gahawa ko'ina. Ga wata ƙanƙarar ƙarya da inji ke fesowa daga sama, yaranmu na bin ta da baki buɗe suna ihu da Larabci, iyayensu na kiransu da Hausa. Ban san rabona da dariya ba sai ranar. Shi kuwa Baba, babu abin da ya burge shi. Da muka zo ɗakin ƙanƙara ya ce, "A biya kuɗi a shiga firiji? Ina da shi a ɗaki, wanda ke so ya zo gobe." Da ya ga jirgin nan da ke hawa sama da mutane ya kifa su suna kururuwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da ni na yi musu wannan tuƙin a titi, da tuni an karɓe min lasin."

Bayan mun yi magariba ya ce zai koma ya ɗauko hularsa da ya manta a wurin alwala. "Kada tuta ta motsa," in ji shi.

Yana juya baya na hango wasu abokan aikina biyu na tsohon kamfani, da matansu, suna tahowa. Su sun sami wani wurin tuni. Na fizge tawul ɗin na cusa a cikin riga, na zame bayan rumfar mai masara. Jama'armu da suka saba bin ni suka ɗan biyo, wasu suka bi yara wajen lilo, taro ya haɗiye mu. Minti goma babu Baba. Minti ashirin babu Baba. Wayarsa kuwa tana mota, don ya ce ba ya yawo da ita cikin cunkoso. Dakta Hadiza ta fara salati.

Kawai sai kiɗan da ke tashi a lasifika ya tsaya. Wata mata ta fara sanarwa da Larabci, aka ji 'yar hayaniya kamar ana jan abu, sai ga wata murya ta cika filin nan kaf:

"Assalamu alaikum. Ila ne. Mutum ashirin da biyu sun ɓace min. Lamba sha bakwai, duk inda kake, mayar da tawul!"

Dubban mutane, babu wanda ya gane sai mu. Malam Bashir ya durƙushe don dariya. Ni kuwa na fito daga bayan rumfa, a gaban abokan aikin nan nawa, na naɗa tawul. Muka gaisa da su a haka, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

A ɗakin da ake ajiye yaran da suka ɓata muka same shi, zaune kan wata 'yar kujera ja, hularsa a ka, an ba shi ruwan lemo a kwali.

"Baba, ka ɓata!" in ji Dakta Hadiza.

"Ni? Ni ga ni inda nake. Ku ne kuka ɓata, ku ashirin da biyu."

Da muka yi isha'i muka nufi mota, sai ya rage sauri har muka zama mu biyu a baya. Ya ce, "Me ya sa ka cire tawul ɗin?" Na gaya masa komai, aikin, ɗakin Gubaira, iƙamar. Ya ce ya sani tun watan jiya. Ya ce shi ma ya taɓa yin wata takwas a Gubairar nan babu aiki, ya rufe kansa, kuma babu wanda ya zo ya yi masa hon.

"Kamfani ne ya sallame ka," in ji shi. "Ni na sallame ka? Ka ga na soke lambarka?"

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Ina! Muna shiga mota, yana gama kiran lamba, sai ya ɗaga murya: "Sanarwa. Lamba sha bakwai na neman aiki. Wanda ya ji labari ya yi magana." Na so in shige ƙarƙashin kujera. Amma kafin mu kai Gubaira mutum uku sun karɓi takarduna ta waya, kuma ta hannun Malam Bashir na sami wurin da nake har yau, tun kafin iƙamar ta mutu.

Baba Ila ya rasu da zafin da ya wuce, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar Nasim. Abokin ɗakinsa ya kawo min littafin da tawul ɗin a leda, ya ce haka ya bar wasiyya.

Bana da sanyi ya shigo muka sake haɗuwa za mu filin. Wani ne ke tuƙi. Na tsaya a gaban mota da littafin a hannu, na buɗe, na ga rubutunsa, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Lamba biyu?"

Dakta Hadiza ta ce, "Nasiru, daga farko ake farawa."

Na mayar da yatsa kan layin farko. "Lamba ɗaya?"

Can sai muryoyi suka taso a hankali, daga gaba har baya: "Ya yi gaba, Allah Ya jiƙansa."

Allah Ya jiƙanka, Baba Ila. Kai da ba ka taɓa tayar da mota ka bar kowa a baya ba, Allah kada Ya bar ka a baya. Ranar da za a kira kowa, Allah Ya sa ka amsa cikin bayinSa na gari, mu ma Ya cika mu tare da kai. Amin.