Mataccen Ƙwan da Ya Ce Abba Zai Dawo

Jiya Ummi ta aike ni sayen burodi a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, na tarar dogon ƙwan lantarkin shagon yana ƙifce-ƙifce, yana kuka kamar sauro a cikin kwalba. Mai shagon ya taka kujera ya cire shi, ya jingine wajen shara. Na tsaya ina kallonsa har burodin ya huce a hannuna. Kai in ka ga irin wannan ƙwan, shara ka gani. Ni kuwa na yi wata da watanni ina hira da ubana ta cikin irinsa.

Ina 'yar shekara bakwai aka kama Abba. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haife ni, amma iƙama, takardar izinin zama, ba ta san da zamanmu ba. Ya fita aikin fenti da safe, motar kame ta tsaya inda leburori ke jiran aiki, shi ke nan. Aka ce yana gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ƙasar tasa kuwa bai taɓa ganinta ba sai a jikin kalanda. An karɓe wayarsa. Ummi ba ta isa ta je tambaya ba, don mai zuwa tambaya shi ma a ciki zai kwana.

Na yi kukan da ya kusa sa Bahar Maliya ta cika ta cinye unguwar Ammariyya. Kaka kuwa, mahaifin Abba, ko ɗigon hawaye. Abba ɗan farinsa ne, ka kuma san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya cigiyarsa, in ta kama dole sai ya ce "wancan". Ranar da labarin ya zo, cewa ya yi, "To, Allah ya kyauta," ya ci gaba da zare ƙayar kifi. Don haushi na cika masa shayi da gishiri. Ya shanye tas, ya miƙo min kofin.

Kaka tsohon direban babbar mota ne. Abin da ya tsira da shi daga shekarun tuƙi shi ne rediyon direbobi, irin wanda ake danna maɓalli a yi magana da na nesa. Ya ajiye shi a saman benenmu, gefen tankin ruwa, tare da batirin mota da wata eriya da tsawonta ya kusa tsone wa jirgin alhazai ido. Ummi ta tsani abin nan. Ba shi da lasisi, mu kuma mutane ne da ko atishawa a hankali muke yi.

Wata rana bayan magariba ya ja hannuna muka hau sama. Siminti na ta fitar da zafin da ya sha da rana, iskar teku na manne wa jiki.

"Matata, kukan nan ya ɓata miki fuska. Sakin ki zan yi."

"Ka sake ni mana, tsoho. Wa zai kwashe ka?"

Ya ɗauko wani mataccen dogon ƙwai da ya tsinto, bakinsa duka biyu sun yi baƙi. Ya ce in riƙe shi kusa da eriya, amma kada in taɓa ƙarfen, yana cizo. Ya kawo abin maganar bakina ya danna. Na ce, "Abba?"

Ƙwan ya kama. Ba waya, ba makunni, a hannuna, fari fat, yana rawa tare da muryata. Saura kaɗan in jefar da shi har Makka.

Kaka ya kau da kai ya ce, "In ya kama, to wancan ya ji. Amsarsa ke nan."

Daga ranar na zama mai uba fiye da kowa a unguwa. Kullum bayan magariba ina sama. Na kai ƙarar Ummi, ƙwan ya kama. Na nemi izinin daina wanka, ya kama, na sauko na sanar da Ummi cewa Abba ya yarda. Wani Bayamane a hawa na biyu ya rantse ana tsakiyar ƙwallo talabijinsa ta fara Hausa, tana neman a sayo mata takalmi. Ummi ta ce, "Baba, halas, ya isa haka, abin nan zai jawo mana motar da ta ɗauki uban yarinyar nan." Kaka ya ce ya ji. Washegari ya ƙara wa batirin ruwa.

Tambaya ɗaya na daɗe ina ɓoyo, don tsoron ƙwan ya yi shiru. Ranar da na yi ta, na rufe ido tukuna. "Abba, za ka dawo?" Ta cikin fatar idona na ga hasken. Na yi ta tsalle, na je na wanke silifas ɗinsa na jera a bakin ƙofa, na hana kowa matsar da su.

Cikin tsananin zafi, lokacin da ruwan famfo ke iya dafa shinkafa, wayar Ummi ta yi ƙara da wata baƙuwar lamba. Abba ne, daga Kano. Na fizge wayar kafin Ummi ta gama salati.

"Abba, ka ce za ka dawo. Yaushe?"

"Ni na ce, Mamana? A ina?"

"A ƙwan Kaka. Kullum kana amsawa."

Ta cikin wayar ina jin hon ɗin wasu motoci da ban sani ba. Sannan ya ce, "Ban ji komai ba, Mamana. Kuma sun ɗauki basma, hoton yatsuna yana wajensu. Ba hanyar dawowa."

Na ajiye wayar, na ɗauki muciyar Ummi na nufi sama. Niyyata in farfasa ƙwan, in karya eriyar, in akwai sauran ƙarfi in haɗa da tsohon. A matakalar ƙarshe na tsaya, don na hango haske. Kaka ne shi kaɗai, ƙwan a hannu ɗaya, abin maganar a ɗayan. Yana kiran sunan Abba. Sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya kira, ƙwan ya kama, ya tsaya yana kallonsa, ya sake kira. Shi da ya fi kowa sanin cewa ƙarfin rediyon ne kawai ke kunna abin, ko akuya ce ta yi kuka a ciki. Da a ce na ba shi labarin wayar a ƙasa, cewa zai yi, "To, madalla," ya nemi shayi.

Na sauko da muciyata. Ban fasa komai ba, ban kuma sake hawa ba.

Kaka ya rasu bayan shekara biyu, aka binne shi a nan, ɗan farinsa ya karɓi gaisuwa ta waya. Rediyon Ummi ta ba masu sayen tsohon ƙarfe, silifas ɗin kuma ni na ƙarar da su a banɗaki. Yanzu benenmu duk ƙananan fitilun zamani ne, ba sa ƙiftawa, ba sa kuka. Abba muna ganinsa a waya duk Juma'a, har furfurarsa ina ƙirgawa in tsokane shi. Yana jin komai, sai dai maganar ce ta ƙare: ya zafi, ya Ummi, ya jikin.

Ƙwan shagon jiya ban bar shi a shara ba. Na kawo shi gida tare da burodin, Ummi ta dube shi ta dube ni, ta karɓi burodinta. Yau da Abba ya kira, na ɗora shi a jikin wayar na ce, "Abba, za ka dawo?"

Bai kama ba. Wannan dai ya fi na Kaka gaskiya, shi ya sa na mayar da shi shara.