Ƙurjin Bayan Kunnen Tala

Duk mai cin kasuwar Gangara ya san Tala mai ƙuli-ƙuli, zabiyar nan da ke lulluɓe kamar mai takaba ko ana zafin kashe jaki. Wai iyayi ne. Iyayin banza! Masu faɗa ba su san komi ba.

Su uku Inna Kadi ta haifa farare: Barmo, Nazira, sai Tala auta. Kowanne da an yi suna, tsohuwar ta shimfiɗe shi tsakar gida da hantsi, tsirara, wai rana ta gasa fatar ta yi ƙwari. Haka ta gani wurin tata uwar.

Barmo ya fara. Ɗan ƙurji a wuya, ya ci, ya ci, ya shige ciki. Damina biyu aka rufe shi. Na Nazira a leɓe ya fito, ita ko shekara ba ta kai ba.

Na Tala bayan kunne ya tsaya, shekara shidda, bai gusa ba. Likita a Maraɗi ya yanke shi, ya ce kansar fata ce, irin tasu.

"To ni don mi ban mutu ba?"

"Akwai ƙwayoyin gado a jiki masu ɗaure ciwon nan kada ya bazu. Wataƙila naki sun riƙe. Wataƙila sa'a ce."

"Nono guda fa muka sha."



Har yau tana cikin suya, rana tsaka, sai warin tsumman wuyan Barmo ya bugo mata hanci. Ta waiwaya. Ba kowa.

Bara ta haihu, ɗiya, Rahina, fara fat. Ko ta gaji abin da ya riƙe uwarta, ko irin na Barmo ne, ba mai iya gaya mata.

Wata ranar kasuwa ta dawo ɗaukar mataci, ta tarar da Rahina kwance bisa tabarma cikin rana, ta yi jawur, Inna na gefe tana tsinkar zogale.

"Inna! Ita ma kashe ta za ki yi?"

"Ke rufe min baki. Ba ga ki da ranki ba? Ranar ce ta tsare ki."

"Ɗaya cikin uku, Inna."

Ta sunkuce ɗiyarta, ta goye, ta rufe har tafin ƙafa. Tun ranar Inna Kadi ba ta sake taɓa jikarta ba. Daga bakin ƙofa take leƙenta, Tala na tsaye tsakani.