Mai Sakata da Ƙanin Matarsa

Kafin kamfanin ya zama kamfani, wata rumfar kwano ce a bayan tasha, da maƙera guda da mutum biyu: Mai Sakata da ƙanin matarsa. Mai Sakata hannu gare shi, ƙanin matar kuwa baki. Wannan na dukan ƙarfe yana fitar da sakata da ƙusa da sarƙa, wancan na yawo da su shago-shago yana rantsuwa ko giwa ba ta ɓalle su.

Da kasuwa ta buɗe aka kira mai fenti ya rubuta allo. Ƙanin matar ya ce, "Mijin Yaya, allon ya yi ƙanƙanta, ba zai ɗauki suna biyu ba. In mun yi babba a sa naka." Mai Sakata ya yi dariya, ya ce ai ba suna ke riƙe ƙofa ba.

Aka tashi daga rumfa aka koma gini, aka kawo injin buga ƙarfe, aka ɗora Mai Sakata a kai don shi kaɗai ba ya tsoronsa. Ƙarar ta riƙa cin kunnensa a hankali. Ran nan abokan aiki suka yi ta ihu ya janye hannu, bai ji ba. Yatsun damansa suka tafi.

Matarsa ta je ofis da kanta. Ƙanin nata, wanda yanzu kowa ke kira Manaja, ya ce, "Haba Yaya, ni zan yar da shi? Ga gadin ƙofa nan, aikin zaune." Ta dawo gida ta kasa cin abinci, jini ɗaya ne, ba ta da inda za ta kai ƙara.

Shekarar da aka buɗe sabon reshe aka yi taro a harabar kamfanin. Manaja ya hau mumbari ya ba da labarin yadda ya fara shi kaɗai, daga shi sai guduma. Mai Sakata na tsaye can baya yana kallon bakinsa.

"Me yake cewa?" ya tambayi matarsa.

Ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Godiya yake yi wa kowa."

Ya gyaɗa kai, ya tafa da abin da ya rage masa na hannu. Can wata babbar mota ta tsaya a ƙofa tana ta oda. Sai da direban ya sauko ya zage shi, sannan ya juya ya je ya buɗe.