Ɗiyar Mahauci da Aka Hana Nama

Mun tashi da asuba, ni da ƙanwata, ana sallamewa daga masallacin layinmu a Ajame. Ku da kuke bina a waya kun saba da labarin tafiyata arewa sayen shanu. To wannan karon ko iyaka ɗaya ban ƙetare ba. Tireshbil na je, nan ƙetaren gada. Amma ku gyara zama, don tun da nake yawo ban yi tafiyar da ta yi mini nisa kamarta ba.

Ga dalili. Babbar ɗiyata tana aure a Biyafara, wata unguwa a cikin Tireshbil. 'Yar fari ce, kuma ta ci sunan mahaifiyata, kun ga kunya biyu ke nan. Tun tana goye "ke" nake ce mata, in ba ta wurin in ce "waccan". Uwarta ta daɗe da rasuwa. Kwanakin baya aka ce mini an yi mata aikin baya. Na yi addu'a, na aika da sannu, na koma kan katakona ina saran ƙashi. Sai ranar nan ƙanwata ta zo rumfa, ta tsaya tana murɗa bakin mayafi, ta ce, "Yaya, ba fa baya ba ne. Gaba ne." Ashe ƙirji ne ya yi wa yarinyar nauyi tun tana budurwa, ya lanƙwasa mata baya, igiyar rigar mama ta haƙa mata rami a kafaɗu, har likita ya rage mata nono. Kun ga na rubuta kalmar, wayar kuma ba ta fashe ba. Aikin ya yi kyau, amma ɗinkin ƙasa ya buɗe ya ƙi rufuwa, ga shi ana neman wata biyu.

Na yanki tsoka mai kyau da hanta na ƙulle a leda, don mahauci ba ya zuwa dubiya hannu rabbana.

Tashar Ajame tana nan yadda kuka bar ta. Karnukan mota na rataye a ƙofofi suna ihu kamar an kama ɓarawo, kowa ya ja hannunka ya ce maka "tsoho" cikin Faransanci, ya tura ka motar da ba ka nufa ba. Muka shiga waro-waro, tasin haɗaka. Kuɗin mota ya ƙaru. Na tambayi direba dalili, ya ce an yi ruwa. Makon jiya da ya ƙaru cewa aka yi ba a yi ruwa ba. Ni dai karatuna a aji uku ya tsaya, wataƙila a aji huɗu ake koyar da wannan lissafin. Canji kuma babu, sai ya haɗa ni da wani ɗan kwat, ya ba mu takardar kuɗi ɗaya ya ce mu je mu raba. Mutanen garin nan aure suke kiran wannan. Aurena da ɗan kwat bai kai bakin gada ba muka rabu, kowa ransa a ɓace.

Muka ratsa Filato, unguwar ofisoshi, benaye na kallon mutum kamar ya zo roƙo. A kan gada cunkoso ya riƙe mu. Ta taga ina hango jiragen ruwa a tashar kaya, manyan motoci sun yi layi, warin ruwan tafkin da suke kira lagun yana shigowa. Ƙanwata carbi take ja da ƙarfi kamar shi ya yi laifin. Da muka sauka ta sayi aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a bakin hanya, ta ce in karya. Na ci loma biyu. Barkono ya fi kifin yawa, kifin kuma ya fi ni gajiya.

Gidan Biyafara irin gidajen nan ne na haya: ƙofofi birjik, famfo ɗaya, igiyar shanya ta raba tsakar gida, kowace taga da kunne. Tun kafin a ɗaga labule hancina ya ba ni labari. Wanda ya tsufa a mahauta ba a ɓoye masa warin naman da ya fara juyawa. Yarinyar na zaune a gefen katifa, ta rame, wuyanta kamar na zabuwa. Ta ce, "Baba, sannu da zuwa," idonta a ƙasa. Na ce, "Ke, ya jiki?" idona a kan silin. Gaisuwarmu ke nan tun da aka haife ta.

Uwar mijinta ce ta ba ni bayani, tana yi tana gyara ɗaurin kallabi irin na wadda ta yi abin yabo. "Alhaji, ba mu yi wasa ba. Safe da yamma nake gasa mata da ruwan zafi da tawul, yadda ake wa mai jego. In shafe da man kaɗe. Nama da ƙwai da madara kuwa na hana, su ke sa ciwo ruwa. Koko da tuwo kawai."

Na ce, "Asibiti fa, Hajiya?"

"Mai wankin ciwon namiji ne a ranar da ta koma. Kuma kullum a gan ta da tasi, me za mu ce wa maƙwabta? Mun riga mun ce baya ne."

Mijin direban babbar mota ne, yana hanyar arewa da kaya. Saƙon da ya bari shi ne, abin da Allah ya ba ta ta kai an yanke, sai ta ji da shi.

Na ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni da naman rumfata nake wa wannan gashin safe da yamma, da tuni an barbaɗa yaji an cinye." Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. Na ce wa ƙanwata ta haɗa mata kaya. Hajiya ta ce mijinta bai ba da izini ba. Na ce asibiti zan kai ta, ba gidan rawa ba, in ya dawo ya san hanyar rumfata.

A asibiti mata suka shiga, ni na zauna a benci da ledar nama a cinya kamar wanda ya zo biyan likita da hanta. An daɗe. Sau ɗaya na ji ƙararta ta bango, na duƙa ina gyara takalmin da bai ɓaci ba. Daga baya ma'aikaciyar jinya ta fito, wata gajeriya mai kaifin baki, ta tsaya a kaina.

"Papa, kai ne uban?"

Na ce ni ne.

"Ina kake duk kwanakin nan?"

Faransancina na kasuwa ne, amma wannan na ji shi sarai. Ba ta jira amsa ba. Ta ce ruwan zafin nan duk sabon naman da ya tsiro shi yake dafawa. Sun yanke wanda ya mutu. Ba za a sake ɗinkewa ba, ciwon daga ƙasa zai ciko da kansa, a hankali, sai an yi haƙuri. Wanki da ruwan gishiri na asibiti kawai, a rufe da bandeji mai tsabta, a riƙa zuwa ana canzawa, kada gumi ya kwanta a wurin. Ba ɗaukar bokiti, ba daka, rigar mama marar ƙarfe. Sun ba da maganin ƙwayoyin cuta, sun ɗebi jini su duba suga. In zazzaɓi ya zo ko wurin ya yi ja ya kumbura, a taho ko da ana ruwa. Tabo kuwa zai zauna, mai faɗi, wanda da an zo da wuri da bai kai haka ba.

Sai ta nuna ledar. "Mene ne wannan?"

Na ce nama.

"To ba ta. Nama, ƙwai, kifi, wake. Da me kuke so jiki ya yi ɗinki, da koko?"

Ku ji fa. Rabin Ajame na cin naman hannuna, ɗiyata tana ƙetaren gada an hana ta tsoka ɗaya, don kada maƙwabta su ji sunan abin da kowannensu ya sha ya girma.

Ban mayar da ita Biyafara ba. Muka bi ta tashar jirgin ruwa don ramukan titi kada su jijjiga ta. Jirgin cike da ma'aikata, kowa da waya a kunne. Ta zauna ta rungume jakarta a ƙirji tana kallon ruwa. Daga Filato muka ɗauki tasi har Ajame, direba ya sauke mu bakin kasuwa ya ce ba ya shiga.

Kun san Ajame da la'asar, ko allura ba ta faɗuwa ƙasa. Ina gaba, kamar yadda uba ke yi, su suna baya. Na waiwaya sai na hango wani ƙato da baro cike da doya ya taho a guje, ya nufi ƙirjinta, ita kuma kanta a sunkuye. Na ce, "Ke!" Mata sun fi a ƙirga suka juyo, ban da ita. Sai na ƙwala sunanta. Ta ɗago, ta goce, baron ya wuce ya goge gefen zanenta.

Ta tsaya a tsakiyar mutane tana kallona. Ta ce, "Baba, ashe ka san shi."

Kada ku jira in rubuta shi nan. Sau ɗaya ma ya ishe ni.

Yanzu tana ɗakin uwarta. Ƙanwata ke raka ta wankin ciwo, ni kuma romo da hanta ne aikina, har na koyi dafa ƙwai da furfurata. Ciwon yana cikowa, amma tafiyar hawainiya yake, ranar wanki har yanzu tana dawowa da jan ido. Mijin ya dawo gari, an gan shi a tashar kaya, bai ga hanyar rumfata ba tukuna. Hajiya ta aiko cewa in an warke a tuna gashinta ne ya fara aikin.

Abin da na samo a tafiyar nan kaɗan ne, kuma ba daɗi. Daga ƙofata zuwa Biyafara ko shayi ba ya hucewa in hanya ta buɗe. Mu duka mun tsare kunyarmu, ni da Hajiya da mijin da maƙwabta, ko ƙwarzane babu a jikin kunyar. Yarinyar ce za ta ɗauki tabon har kabari.