Ƙafar Girgiza da Sabon Inji

A layinmu akwai wani kafinta da kowa ke kira Girgiza, har matarsa in ta manta. Mutumin kirki ne, hannunsa kuma na da kyau a katako, amma ƙafarsa ta dama ba ta san zama ba. In ya zauna a benci, duk wanda ke kai sai ya yi rawa ba da niyya ba. Uwarsa ta ce tun a ciki haka yake.

Shekara ashirin yana shago guda, yana fafe ƙofofin kabad da hannu har bayansa ya fara ƙara kamar tsohon gado. Sai maigidansa ya sayo injin yanka ado a katako. Kan injin na rataye a wani hannun ƙarfe bisa tebur, haƙorinsa na kallon ƙasa yana juyawa da gudun da ido ba ya kamawa. Abin da ke sauko da haƙorin kan katako kuwa feda ce, da ƙafa ake takawa.

Shago ya kwashe da dariya. Dogo, abokin aikinsa, ya ce a fara auna yatsun Girgiza a ajiye hotonsu don tarihi. Maigida bai yi dariya ba. Ya ce ƙofa ɗaya zai ba Girgiza gwaji, in ƙafar ta yi halinta, aikin goge katako da samfefa zai koma har ya tsufa.

Ranar gwaji Girgiza ya zo kamar mai zuwa neman aure. Ya naɗe hannun riga, ya cire zobe da agogo, ya sa tabarau. Sai da ya zare waya daga soket kafin ya ɗaura haƙorin, ya ƙara matse shi, ya sauko da murfin kariya. Dogo ya miƙo masa safar hannu, ya ce a'a, inji na son abin da zai kama ya ja. Ya mayar da waya ya kunna, ya taka feda a hankali, ya tura katakon yana fuskantar juyin haƙorin, yatsunsa can nesa a kan mariƙi. Layi ya fara fita sumul.

Ana tsakiyar ƙofa tela na gefe ya buɗe rediyo, kiɗa ya shigo. Girgiza ya ji gwiwarsa ta amsa tun kafin kunnensa. Bai yi gardama da ita ba. Ya ɗaga ƙafa, haƙori ya koma sama, ya kashe injin, ya tsaya riƙe da katako har juyin ya mutu murus. Sannan ya ja baya taku uku ya saki ƙafar ta yi abinta cikin dusar katako.

"Yallaɓai, in koma samfefa?" ya tambaya yana haki.

"Wa ya ce ka kashe?"

"Ba kowa. Na ji ta taso ne, ni kuma yatsuna goma nake so in kai gida."

Maigida ya duba layin, ya shafa shi da babban yatsa, ya ce da Dogo ne, mai ƙafa tsaye kamar turke, da ya ci gaba da yankan don kada a ce ya tsorata. Ya ciro abin toshe kunne daga durowa ya miƙa wa Girgiza, ya ce ya ƙarasa ƙofar, akwai goma sha ɗaya a bayanta.